Ƙoƙon da Ya Kife a Bagade

Na yi aikin akawu a ofishin cocinmu a ƙarƙashin firistoci da dama, amma har yau idan mutanen unguwarmu suka ce "Fada" ba tare da ƙarin bayani ba, mutum ɗaya suke nufi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tabarau ɗinsa kullum rataye da igiya a wuya. Ya zo mana gashin kansa baƙi ƙirin, ya bar mu kansa fari fat. Abin da ya faru a gabana zan faɗe shi yadda na gani. Abin da ya wuce kafin zuwansa kuwa daga bakin yayarsa na ji, wadda kowa a coci yake kira Yaya. Ita take riƙe masa gida tun rasuwar mijinta.

Yaya ta ce mahaifinsu mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai gilashi a bakin kasuwa. Fada ne auta, kuma shi kaɗai cikin 'ya'yan yake iya zama gefen teburin nan ba motsi. Tun bai iya hawan keke ba yake ɗaukar ƙusar da ba ta wuce ƙwayar yashi ba da matsefata, ya mayar da ita raminta. Uban ya ɗauka ya sami magaji. Ranar da yaron ya ce makarantar firistoci zai tafi, tsohon bai yi faɗa ba. Ya rufe ƙaramin akwatin kayan aikinsa ya miƙa masa, ya ce, "Tafi da shi. Hannu irin naka bai kamata ya zauna banza ba."

Da akwatin nan ya zo mana, ɗaure a bayan wani tsohon babur.

Ba mai dogon wa'azi ba ne, kuma Allah bai ba shi muryar waƙa ba. Shugabar mawaƙa ta taɓa ce masa, "Fada, don Allah ka riƙa ɗaga mana kai kawai, mu za mu ɗauka." Ya ce, "Ai ba ke nake yi wa ba. Wanda nake yi wa shi ya ba ni muryar, sai ya yi haƙuri da kayansa." Yana da zafin rai a kan latti. Ya sha tsayar da karatu ya jira mai shigowa ya zauna, duk coci na kallo. Taurin kansa kuma bai bar kowa ba, har ni da nake zaune ƙofa ɗaya da shi.

Abin da ya iya shi ne zama da mutum. Duk wanda yake da damuwar da bakinsa ya kasa furtawa, sai ya nemo mataccen agogo ko rediyo ya zo ofis wai gyara. Fada zai buɗe bayan agogon, ya sunkuyar da kai ciki, ba ya kallon mutum, ya ce, "To, ina jin ka." Da na ga agogo a hannun baƙo nakan tashi in je duba wani abu a waje. Aure da yawa da suka kusa mutuwa a kan teburin nan suka farfaɗo. Da rana kuma ya ɗauki 'yar jakarsa ya hau babur ya bi gidajen marasa lafiya, na cocinmu da ma waɗanda ba namu ba idan sun aiko.

Rawar hannun ta shigo a hankali. Ni a sa hannunsa na fara lura, a kan katin baftisma: layin da yake a miƙe shekara da shekaru ya fara karkarwa. Yaya kuma a cokalin shayi ta ji, yana buga gefen kofi da safe. Sai wata rana wani direba ya kawo agogo. Fada ya buɗe shi, ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya rufe ya mayar masa.

"Kai wa masu gyara na kasuwa, ba ni da kayan wannan."

Yana da kayan. Tun daga ranar akwatin ya koma ƙarƙashin gado, hannun dama kuma ya koma zama cikin aljihu.

Ga wanda bai san al'amarin cocinmu ba, sai na yi ɗan bayani. A tsakiyar Mas, wato babbar ibadarmu, firist yakan faɗi kalmomin Yesu a kan gurasa da kan ruwan inabin da ke cikin ƙoƙo, sannan ya ɗaga su sama jama'a su gani. Daga wannan lokaci, a bangaskiyarmu, abin da ke cikin ƙoƙon Jinin Almasihu ne, ko ɗigo ba a yarda ya taɓa ƙasa ba. Firist ɗin da hannunsa ba zai iya riƙe ƙoƙo ba, Bishop ba zai bar masa coci shi kaɗai ba. Akan mayar da shi gidan tsofaffin firistoci, can wani gari mai nisa. Mun san wannan, Fada ma ya sani. Idan kuma ya tafi, Yaya ba ta da hurumin ci gaba da zama a gidan coci.

Ba wanda ya yi masa maganar. Kowa dai ya ɗauki nasa matakin a ɓoye. Katakis, tsohon malamin cocin da yake shirya bagade, wato teburin da ake yin Mas a kai, tun kafin zuwan Fada, ya fara rage ruwan inabin da ake zubawa, yau kaɗan gobe kaɗan, don kada ya fantsala idan ƙoƙon ya girgiza. Masu karɓar Jibi, wato gurasar nan da firist yake sa wa mutum a hannu, suka koyi buɗe tafin hannu sosai suna bin hannun Fada duk inda ya yi. Inna Tela, wadda take ɗinka wa cocin tufafi, ta ɗauki doguwar farar rigar da Fada yake sawa a Mas wai za ta wanke, ta dawo da ita hannuwan sun ƙara tsawo har sun rufe bayan hannu.

Ina wurin ranar da ya sa ta. Ya ɗaga hannu ya duba, ya ce, "Inna, rigar ce ta girma ko ni ne na tsuke?"

"Tsufa ne, Fada. Yakan ci mutum ta tsawo."

Ya yi 'yar dariya. Bai cire ba.

Haka muka tafi har wata tsakiyar mako da wayar ofis ta yi ƙara. Wakilin Bishop ne da kansa. Ya ce zai zo ya yi Lahadi tare da mu, kada a wahalar da kowa, ziyara ce kawai. Na sami Fada a baranda na gaya masa. Bai ɗago daga littafin addu'arsa ba.

"Dogo ne," in ji shi. "Ajinmu ɗaya a makaranta. Tun muna yara ba ya taka ƙafarsa banza."

Ranar Asabar da yamma muka haɗu a ɗakin shiri da ke bayan bagade, ba wanda ya kira wani: ni, Katakis, Inna Tela da Yaya. Ɗakin ƙarami ne, kabad ɗin tufafi ya cinye rabinsa, sai teburin da ake ajiye ƙoƙo da kyandir.

"Wani ne ya kai ƙara," Katakis ya ce yana goge ƙoƙon da ya riga ya goge.

"Ko wane ne, ni da shi sai a gaban Allah," in ji Yaya.

Inna Tela ta zaro rigar daga kabad ta rataya a kafaɗa. "Ku dai ku yi ta neman mai laifi. Ni rigar nan zan ƙara wa, ta rufe har yatsu. Idan Wakili bai ga hannu ba, me zai je ya faɗa?"

Na ce, "Inna, ai ta riga ta yi tsawo."

"Malam Akawu, na taɓa shigowa ofishinka na nuna maka yadda ake riƙe biro?"

Katakis ya ce shi kuma ɗan ruwan inabin da zai zuba gobe, ko kife ƙoƙon aka yi sai an jira kafin ya fito.

"Kul!" Yaya ta daka masa tsawa. "Tsoho da kai, bakinka ba ya da linzami?"

Wakili ya iso da sassafe cikin ƙaramar mota. Sunan da Fada ya ba shi bai yi ƙarya ba, sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar ɗakin shiri. Na bi su da takardar sanarwa a hannu.

"Mai Agogo! Har yanzu ba ka ƙara ko taƙi ba?" in ji Wakili.

"Kai ma har yanzu ba ka daina tsokanar rufin mutane ba. Sannu da hanya, Dogo."

Suka rungumi juna. Wakili ya miƙa hannu, Fada ya kama shi da hannu biyu ya sake da wuri. Sai Wakili ya kwance agogon hannunsa ya miƙo.

"Ga wannan, latti yake yi mini. Duba mini shi kafin a buga ƙararrawa."

Katakis ya tsaya cak da ashana a hannu. Fada ya dubi agogon, bai karɓa ba.

"Yau Lahadi, Dogo. Ka manta dokar ne, ko manyan ofis an ɗauke musu?"

Wakili ya yi dariya ya mayar da agogonsa, amma idonsa bai yi dariyar ba. Ya ce shi baƙo ne, ba zai tsaya a bagade ba, zai zauna a kujerar gefe. Kujerar nan kuwa babu abin da ke kan bagade da ba a gani daga kanta.

Ban taɓa ganin cocin ya cika haka a Lahadin da ba ta da wani sha'ani ba, kuma ba wanda ya yi latti. Ina zaune a bencin gaba. Mawaƙa suka yi waƙa kamar ana bin su. Wa'azin ya fi na kullum gajarta, ban kuma riƙe ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. Hannun rigar ya sauko har ya rufe yatsun Fada, sai ya riƙa turawa baya idan zai juya shafi.

Aka zo wurin da kowa yake jira. Muka durƙusa. Ya faɗi kalmomin a kan gurasa, ya ɗaga, ya ajiye lafiya. Ya buɗe ƙoƙon, ya sunkuya ya faɗi kalmomin, ya kama shi da hannu biyu ya fara ɗagawa. Hasken taga yana bugun ƙarfen, don haka ko daga benci na ƙarshe ana ganin hasken yana rawa a bango. Ya kai shi sama. Ya riƙe. Na ji matar da ke bayana tana ta maimaita sunan Yesu a ƙasan maƙoshi. Ya sauko da shi a hankali, a hankali, har gindin ƙoƙon ya zauna a kan farin ƙyallen bagade.

Na ji cocin gaba ɗaya ya sauke numfashi.

Fada ya dafa bagade ya durƙusa kamar yadda ake yi. Da ya miƙe, ya kai hannu zai ɗauki murfin ƙoƙon, sai leɓen hannun rigar da ke reto ya naɗe wuyan ƙoƙon ya ja. Ƙoƙon ya kife. Ya gangara har bakin bagade, ja ya bazu a kan farin ƙyalle, ya bi gefe ya ɗiga a ƙasa.

Wata mata ta yi ƙara ta toshe bakinta. Katakis yana durƙushe da ƙararrawa a hannu kamar an dasa shi. Na waiga na ga Inna Tela ta miƙe tsaye ita kaɗai a tsakiyar mutanen da ke durƙushe, hannayenta biyu a ka.

Fada ya tare ƙoƙon kafin ya faɗo ƙasa, ya tsayar da shi. Sannan ya ce, da muryar da yake aiken yau da kullum, "Katakis, ruwa da kwano da ƙyalle."

Ya durƙusa a kan siminti ya shiga tsane wurin da kansa. Ya zuba ruwa, ya goge, ya matse cikin kwano, ya sake zubawa. Ruwan nan ba a zubar da shi a magudana, a ƙasa mai tsabta ake juye shi, inda ba a takawa. Wakili ya taso daga kujerarsa ya durƙusa kusa da shi ya riƙe masa kwanon. Ana jin ƙarar fanka da matsar ƙyalle.

Da suka miƙe, Fada ya leƙa cikin ƙoƙon. Mas ba ya cika sai firist ya sha daga ciki, kuma da an zuba yadda aka saba, da wani abu ya rage a ƙasansa. Babu ko ɗigo. Ya ɗago ya dubi Katakis, tsohon ya sunkuyar da kai.

"Kawo ruwan inabi," Fada ya ce. "Ka kawo yadda ake kawowa."

Hannun rigar ya jiƙe ya yi ja. Ya naɗe shi har gwiwar hannu, ya naɗe ɗayan ma. A karon farko cikin dogon lokaci jama'a suka ga hannun Fada a fili, yana kaɗawa kamar ganye. Ya sake faɗin kalmomin a kan sabon ruwan inabin. Wakili bai koma kujera ba, ya tsaya a gefensa ya sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙoƙon, suka ɗaga tare. Haka aka ƙarasa Mas.

Bayan an tashi ba wanda ya tafi gida. Mutane suka tsaya cirko-cirko a harabar coci. Firistocin biyu suka shiga ofis, Yaya ta bi su, ni kuma Wakili ya ce in zauna a teburina. Ko zama ba su gama yi ba Inna Tela ta banko ƙofa, ɗankwalinta a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ce! Ba hannunsa ba ne, rigar ce. Ni na ɗinka ta, ni na ƙara mata jiya. In hukunci ne a yi mini, a hana ni Jibi, a hana ni ɗinkin, amma kar a taɓa Fada."

"Zauna, Inna," Wakili ya ce. "Na gani da idona, rigar ce." Ya juya ga Fada. "Ba wanda ya kawo ƙararka. Ni na ga yadda kake riƙe kofi a taronmu na firistoci, shi ya kawo ni. Yau kuma na ga ka ɗaga ƙoƙo ka ajiye shi da hannunka, bai zube ba. Zan iya gaya wa Bishop haka, ban yi ƙarya ba. A yanke rigar, a ba ka lokaci a gani. Me ka ce, Mai Agogo?"

Yaya ta matso bakin kujera. Ta taga ina ganin kawunan mutane a waje, duk sun juyo wajen ofis. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa, kuma kalmar ba ƙarya ba ce.

Fada ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan teburin da ya yi shekaru yana gyaran agogo a kai. Zoben makullan da ke kusa ya fara ƙara.

"Tambaye ta me ya sa ta ƙara wa rigar."

"Auta, rufe bakinka!" Yaya ta ce. Ban taɓa jin ta kira shi haka a gaban mutane ba.

"Yaya, rufe bakin ne ya kawo mu nan." Ya dubi Inna Tela. "Tun ranar farko na san ba ni na tsuke ba. Na kuma san ruwan inabin yana raguwa, ai ni nake sha. Na bar ku kuna yi don ina son zama. Ku ƙauna ta sa ku, ni kuwa na san abin da ke cikin ƙoƙon nan fiye da ku duka. Yau riga ce. Wata Lahadin hannun ne da kansa, kuma ba Dogo a kusa."

"To ni fa?" Yaya ta ce. "Ka yi tunanina?"

Fada ya juyo ya dube ta. "Ke nake tunani duk watannin nan, Yaya. Shi ya sa na kai yau."

Wakili ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce, "Taurin kan nan naka ko tsufa bai rage shi ba."

"Rubuta yadda yake, Dogo. Kar ka yi mini ɗinki kai ma."

Bayan 'yan makonni aka turo sabon firist. Kafin nan Fada bai sake hawa bagade shi kaɗai ba, wani firist yake zuwa daga maƙwabta ya tsaya tare da shi. Inna Tela ta wanke rigar yadda aka koya mata, ta juye ruwan a gindin bishiyar bayan coci, ta warware ƙarin da ta yi. Ita ce kuma ta zo da amalanke ta kwashi kayan Yaya zuwa gidanta, tana cewa ɗakin 'yarta da ta yi aure yana nan ba kowa sai ɓeraye. Yaya ta yi wata guda ba ta yi wa ƙanenta magana ba. Ranar tafiyarsa ita ta ɗaure masa akwatin kayan gyara da igiya, ta ce wa mai motar da zai kai shi ya sa akwatin a gaba kada ya jijjiga.

Ya yi sauran shekarunsa a gidan tsofaffin firistoci, a can kuma ya rasu. Kafin rasuwarsa yakan yi Mas a zaune a ƙaramin ɗakin addu'arsu, wani yana riƙe masa ƙoƙo, Wakili ne idan ya samu zuwa. Mutanenmu ba su daina bin sa ba duk da nisan hanya. Wata Asabar na raka Yaya, muka tarar da direban nan da Fada ya taɓa mayar wa agogonsa a baranda tare da shi, ya ciro agogo daga aljihu yana juya shi a hannu. Fada ya karɓa ya kai kunne.

"Wannan ai lafiyarsa ƙalau."

"Haka ne, Fada."

Ya ajiye agogon a cinyarsa, ya dafe shi da hannun da ke rawa, ya sunkuyar da kai kamar mai duba cikinsa.

"To, ina jin ka."

Na taɓa Yaya a kafaɗa, muka zagaya baya duba lambu.